Kyan ɗan maciji: kurakuran da ake yi wajen zaɓen mazubin kyandirin soya

Tun da sana'ar kyandir mai ƙamshi ta shigo wa matanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende, musamman masu haɗa turaren wuta da humra da suka ƙara ta a kan hajarsu, tambayoyin da ake yi ba su wuce biyu ba: wane turare ne ya fi kama ɗaki, kuma a ina ake samun kaki da sauƙi. Da wuya a ji mai tambayar mazubi, wato kwalba ko gwangwanin da ake zuba kakin a ciki. Sai an zuba, an sayar, kwalba ta tsage a kan teburin mutane, sannan a dawo ana cewa kakin ne marar kyau, ko mai lagwani ya yi ha'inci. Na gaji da ba da amsa ɗaya-ɗaya, shi ya sa na tattara ta wuri guda.

A fara sanin abin da ake zubawa. Kakin soya man waken suya ne da aka sarrafa har ya daskare, kuma taushi gare shi. Irin mai lamba 464 da aka fi sani yana narkewa tun daga wajen digiri 45 zuwa 48 na ma'aunin Celsius, mai lamba 444 ya ɗan fi shi jure zafi. Ba ya tsayawa da ƙafarsa kamar farin kyandirin kanti da muke kunnawa in an ɗauke wuta. Da an kunna shi saman ya koma ruwan mai, kuma mazubin ne zai riƙe wannan mai da wuta a tsakiyarsa na wajen awa 40 kafin matsakaicin kyandir ya ƙare. Wato abin da kuke zaɓa murhu ne, ko da kuwa ya yi kama da kayan jere.

Zaɓe da ido

Wannan ne ya fi kowanne haɗari. A shiga Ebute Ero ko Idumota, a ga kofin gilashi mai siririyar ƙafa ko mai zanen ruwan zinare, a ce wannan zai fito a hoto. Zai fito kuwa. Amma don lemo mai sanyi aka ƙera shi. Gilashi ba ya yaɗa zafi da sauri. Inda harshen wuta ya matso sai wurin ya buɗe, gefen da bai ji zafi ba yana nan yadda yake, wannan ja-in-ja da ke tsakaninsu shi ke tsaga shi. Kofin da samansa ke da siririn bango, gindinsa kuma da kauri kamar dutse, ya fi saurin yin haka, saboda sassan biyu ba sa ɗaukar zafi tare.

Abin da ke ruɗin sababbin shiga shi ne ba ya fashewa a ranar farko. Kyandir na cike, wuta na can sama a bakin kofi, iska na kwashe zafin. Sai kaki ya ja ƙasa, ya rage kashi ɗaya cikin uku, wutar ta koma cikin rami, bango ya kewaye ta, zafi ya rasa mafita. A nan ake sanin gilashin ƙwarai. Lokacin kuwa kyandir ya yi sati uku a gidan wadda ta saya, mai sana'a har ta manta da shi.

Ku kuma tuna yadda ake amfani da kyandir a Legas. Kun rubuta a jiki cewa kada a wuce awa 4, amma an ɗauke wuta tun magariba, mai gida ta bar shi yana ci har sha biyun dare. Can aka dawo da wuta, fankar sama da aka manta a kunne ta tashi, ta kwantar da harshen wutar a jikin gilashi, gefe guda, har tsawon awa. Mazubin da ba zai jure wannan daren ba bai cancanci fita daga hannunku ba.

A Amurka akwai ƙa'ida ta musamman ga gilashin kyandir, ASTM F2179, wadda ta shafi yadda ake huce gilashi sannu a hankali bayan ƙira da kuma juriyarsa ga canjin zafi na farat ɗaya. Idan mai kawo muku kaya ya iya nuna cewa kwalabensa na kyandir ne tun daga masana'anta, ku riƙe shi da kyau. Mafi yawan masu shago dai za su ce muku "yana yi, kowa shi yake saya", don haka idonku da hannunku ne za su yi aikin. Ni ba na karɓar bangon da bai kai kaurin milimita 3 ba, kuma ina so kaurin ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. A ɗaga kwalbar a hasken rana, a juya ta a hankali: ƙwayar iska a cikin gilashi, ƙarzuwa, ko ɗan layi siriri kamar gashi, duk a ajiye ta gefe. A zagaya bakin da yatsa, in an ji ɓantara ko kaɗan, ta fita. Ɗaya bayan ɗaya ake duba katan, a gaban mai shago, ko da zai ɓata rai.

Kwalaben jam masu kauri sun fi kofin sha, tunda da zafinsa ake zuba jam a cikinsu. Nakan yarda da su ga wadda ke koyo a gida. Ga kayan sayarwa ban yarda ba, haka ma gilashin gwanjo, domin ba wanda ya san sau nawa ya faɗi kafin ya iso.

Ƙwarya, kasko da ɓawon kwakwa

A nan kam sai na yi faɗa. Hajiya, ƙwarya busasshen ɗan duma ce. Makamashi ce. Don an yi mata zane an goge ta da mai ba ta daina zama abin da wuta ke ci ba. Haka ɓawon kwakwa, haka akushi da duk wani kwanon katako, haka gora. Ana ganinsu a Instagram ana cewa ai na gargajiya ne, Turawa ma suna so. Wanda ya ɗauki hoton ya kunna minti biyar ya kashe. Ke kuwa za ki sayar wa mai yara uku da labule a kusa da tebur.

Gardamar da aka fi kawowa ita ce ta kaskon turare: ai garwashi ma yana ɗauka bai fashe ba, balle ɗan lagwani. Garwashi busasshe ne. Kaki in ya narke mai ne, yumɓun da ba a yi masa rufin tangaran ba kuwa shan mai yake kamar yadda randa ke shan ruwa. A hankali jikin kaskon zai jiƙe, ya yi duhu, ya fara naso ta waje, ya ɓata duk abin da aka ɗora shi a kai. In ya ƙoshi, shi kansa ya zama ƙaton lagwani, ranar da wuta ta lashi bakinsa sai duk da'irar ta kama. Mazubin siminti da ake yayi yanzu shi ma haka yake sha matuƙar ba a toshe cikinsa da abin da aka yi don wannan aiki ba, kuma fentin gini ko man goge katako ba sa cikin lissafi. Ni na fi son a bar su gaba ɗaya. In dole ana son kamannin gargajiya, a zuba kyandir a ƙaramin gwangwani ko gilashin da aka gwada, a saka shi cikin kaskon yumɓu mai faɗi yadda akwai tazara tsakaninsu. Ƙwarya kuwa ko haka ban yarda ba.

Tangaran mai sheƙi a ciki yana yi, da sharaɗi. A ɗiga ruwa a cikinsa, in ya tsaya yana gangara, rufin na da kyau, in ya shanye ya bar tabo, a haƙura. A duba ko rufin ya yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo, irin na tsofaffin kofunan shayi, domin kaki na bi ta nan. Sannan a cika shi da ruwa a ɗora a kan jarida ya kwana. Jarida ta yi laima da safe, magana ta ƙare.

Tunda an zo nan, ku gaya wa duk mai sayen kayanku: idan saman kyandir ya kama da wuta gaba ɗaya, ba a watsa masa ruwa, daidai yake da watsa ruwa a man suya da ya kama. Murfin tukunya na ƙarfe ake kifawa a kai, a bar shi ya huce.

Sayen katan goma kafin a ƙona guda ɗaya

Wannan kuskuren bai cika ƙona gida ba, jari yake cinyewa. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. An samu odar kayan rabon biki, a ce guda 200, saura kwana goma. A ruga kasuwar Trade Fair da ke hanyar Badagry, a ga wasu kofuna masu faɗin baki da tsukakken gindi, a kwashe duk abin da ke shagon, a biya ta Ojota a sayi turare, a sayi lagwani "matsakaici", a kwana biyu ana zubi. Bayan biki da sati biyu sai saƙonni su fara shigowa: wannan ya yi rami a tsakiya ya mutu, wancan ya baƙanta kofi da hayaƙi, na wance kuma ba ya taɓuwa don zafi. Kaki ɗaya, lagwani ɗaya, hannu ɗaya. Siffar kofin ce ta jawo.

Faɗin cikin mazubi shi ke yanke girman lagwani. Lagwani ɗaya yana iya narkar da da'ira mai iyakar faɗi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In kofi ya buɗe a sama ya tsuke a ƙasa, lagwanin da ya isa narkar da saman ya yi wa ƙasan yawa, kuma a ƙasan ne dama zafi ke taruwa. In aka rage shi don ƙasan, saman ya yi rami. Mai tumbi a tsakiya da tsukakken wuya, irin siffar tulu, matsalarsa biyu: kaki na maƙalewa a tumbin, wuyan kuma na hana iska shiga, wuta ta dinga rawa tana fitar da baƙin hayaƙi, kafaɗar kwalbar ta yi zafi sosai don tana daidai saman wutar. Mai kusurwa huɗu yana barin kaki a kusurwoyi, wannan dai asarar kaki ce kawai. Dogo siriri kuwa, in ya kai rabi ashana ba ta kaiwa, wutar ma numfashi take da ƙyar.

Shi ya sa nake nace wa miƙaƙƙen bango, mai faɗi ɗaya daga baki har gindi, faɗin ciki santimita 7 zuwa 8, tsawo 8 zuwa 10. Ba shi da wani burgewa, amma lagwani ɗaya na riƙe shi daga farko har ƙarshe. Da faɗi ya haura santimita 9, ni na koma lagwani biyu ƙanana. Masu neman ƙaton lagwani guda don ya cika faffaɗan kwano dogon harshen wuta kawai suke samu da kunkunniya a silin. Ku tafi kasuwa da rula a jaka, ku auna ciki, ban da kaurin bango. Abin da aka rubuta a katan yawan ruwan da kwalba ke ci ne, bai gaya muku faɗinta ba.

Gwajin kuwa ga yadda nake so a yi shi. A sayi mazubi uku kacal. A saka musu lagwani iri ɗaya, samfurin da ake kira CD ko wanda ake kira ECO, amma girma uku a jere: wanda jadawalin mai lagwani ya nuna wa wannan faɗin, da na ƙasa da shi, da na sama da shi. A zuba da ainihin turaren da za a sayar, a kan ainihin adadinsa, domin canjin turare na canja yadda wuta ke ci. A bar su su nuna, wato a ajiye su ba a kunna ba har turare ya zauna a kakin, sati ɗaya aƙalla, biyu ya fi. Sannan a datse lagwani ya rage milimita 6, a kunna awa 4, a kashe, a bari ya daskare sarai, a sake. A riƙa rubutawa a littafi.

Abin da ake nema: kakin da ya narke ya kusa kaiwa bango cikin awa 3 zuwa 4, zurfinsa kada ya wuce santimita 1 ko da ɗan ɗori, harshen wuta ya tsaya cak, santimita 2 zuwa 3. Wata ƙa'idar Amurka ta kyandir, ASTM F2417, ta sa iyakar tsawon harshen wuta a inci 3, wato santimita 7.6, amma wanda ya kusanci haka a cikin kwalba ya riga ya lalace. In a kunnawar farko da ta biyu ɗan kaki ya rage a jikin bango, kada a yi gaggawar ƙara lagwani, zafin ƙasa zai sauko da shi. Wanda ya narkar da komai tas cikin awa ɗaya a ranar farko shi ne abin tsoro. A taɓa jikin mazubi a ƙarshen kowace kunnawa. Iyakata digiri 60 in akwai ma'aunin zafi, in babu, mazubin da ba zan iya ɗagawa da hannu in matsar ba ya faɗi jarrabawa.

Kuma a ci gaba har ƙasa, sai kaki ya rage santimita 1. Kunnawa goma ke nan ko fiye, kusan sati. A nan mutane ke zamewa, su kunna sau biyu su ce ya yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin da ya tsaya a rabi kuwa bai taɓa wurin da matsalar take ba. Guda ɗaya daga ciki a bar shi awa 8 a jere a kan tayil, ana zaune kusa, don a ga abin da zai faru a daren da aka ɗauke wuta.

Bayan an sha wannan wahala, sai a tabbatar mazubin ba mai ɓacewa ba ne. Yawancin kwalaben nan ta jirgin ruwa suke shigowa, samfurin da ya cika kasuwa yau, in kwantenar ta ƙare, wata uku ba a sake ganinsa ba, ko a kawo mai kama da shi da bambancin rabin santimita. Rabin santimita na iya canja lagwani. A tambayi mai shago ko kayan da yake kawowa kullum ne, a kuma duba ko akwai shi a shago biyu ko uku. Mazubi iri ɗaya ko biyu sun ishi mai farawa shekara guda.

Gwangwani

Gwangwani ba ya fashewa, ba shi da nauyi, kuma yana ɓoye duk wani tabon kaki, don haka ya fi dacewa da kayan da za a aika Kano ko Kaduna a mota. Amma wanda aka matso daga falle ɗaya ake nema, marar haɗi a gefe ko a gindi. Gwangwanin madara da na tumatir suna da haɗi, narkakken kaki na iya bi ta nan, bakinsu na yanka, cikinsu kuma da shafen da ba don wuta aka yi ba. Ƙarfe na ɗaukar zafi ya zagaya da shi, saboda haka sau da yawa gwangwani na son lagwanin da ya gaza na gilashi mai faɗi ɗaya da mataki guda, kuma gindinsa na iya ƙona tebur a ƙarshe, sai a rubuta a jiki cewa a ɗora a kan faranti. Babban abokin gabarsa a garin nan laima ce. Daga Afrilu zuwa Oktoba gwangwanin da aka bari a buɗe a sito sai ya fara tsatsa a baki, turare mai banila kuma na ƙara saurin abin. Na alminiyam ba ya tsatsa. Sauran a bar su cikin ledarsu har ranar zubi, kuma ba na wanke su da ruwa, sipirit nake gogawa.

Ƙananan kurakuran da ake yawan yi

Lissafin kaki da girman kwalba. Kaki ya fi ruwa rashin nauyi. A ɗora mazubi a sikeli, a mayar da shi sifili, a zuba ruwa zuwa inda kaki zai tsaya, a bar santimita 1.5 daga baki. Nauyin ruwan sau 0.86 shi ne nauyin kaki da turaren da mazubin zai ci. Ruwa giram 250 ya ba da 215, wato kaki kusan giram 200 da turare giram 16 in ana sa kashi 8 cikin ɗari. Kilo ɗaya kyandir biyar ke nan, da wannan ake yanke farashi.

Gindi mai tudu a ciki ba ya riƙe ɗan ƙarfen da ke gindin lagwani, in kaki ya narke sai ya zame ya jingina da bango. Shafaffen gindi ake nema, a manne da abin manne lagwani mai jure zafi, ba da ɗigon kaki ba.

Mai ƙaramin gindi da nauyi a sama na kifewa. A ɗora shi a kan tire a ɗan karkata, kamar digiri 10, in ya yi alamar faɗuwa a bar shi.

Roba ko wace iri, a'a.

Fenti a waje kawai ake yi, ba a ciki ba. Igiyar ado, kintinkiri da busassun furanni a nisanta su daga baki, haka gutsattsarin itacen turare da wasu ke barbaɗawa a sama. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Zubi a kwalba mai ƙura, mai laima ko mai sanyi. A wanke, a bushe sarai, a ɗan ɗumama ta kafin a zuba kaki a wajen digiri 57, musamman da safiyar hunturu ko a ɗaki mai na'urar sanyi. Duk da haka gilashi garai-garai zai nuna wuraren da kaki ya saki bango da farin dusar da soya ke yi. Ba illa ba ce, amma wadda abin ke damu ta sayi gilashi mai launi ko mai hazo ta huta.

Murfi ba ado ba ne, shi ke tsare ƙamshi da ƙurar hunturu. Na gora na yin fumfuna da damina. Ba a rufe kyandir sai ya kwana ya huce, in ba haka ba gumi ya taru a ƙarƙashin murfin ya ɗiga a kan kaki.

Sai aikawa. Akwatin ɗan aike mai babur da ya tsaya a cunkoson gadar Third Mainland da azahar a watan Maris ya isa ya sa kakin soya ya yi laushi ya fitar da turarensa kamar zufa, in kuma a kwance yake, ya gangara gefe guda ya ja lagwani. Mazubi mai murfin da ke kamawa, a tsaye, kwali tsakanin kowace kwalba da 'yar uwarta, kibiya a jikin katan mai nuna sama. Na cikin gari su fita da sassafe. Na Arewa da za su bi mota daga Jibowu ko Agege a zuba su da 444 a gwangwani, a kuma roƙi yaron mota kada ya ajiye katan ɗin kusa da inji.